Shin ana iya zana jirgin ruwan yaƙi yadda zai rage cutar da teku?

Wani ɗalibin injiniyanci ya aiko da tambaya yana cewa: "Ina jin ana maganar ƙera jiragen ruwan yaƙi masu sauƙin illa ga muhalli, ni dai abin bai shige ni ba. Abin da aka yi don harbi da ruguzawa, ina ruwansa da lafiyar teku? Akwai abin da masu zane ke iya yi da gaske, ko kuwa daɗin bakin kamfanoni ne kawai?"

Malam, shakkarka tana da tushe, amma akwai abin da ya kamata ka sa a lissafi. Jirgin ruwan yaƙi yakan yi shekara 30 zuwa 40 yana aiki, wani ma ya haura 50, kuma da yawansu har a yi musu ritaya ba su taɓa harba makami kan abokin gaba ba. Aikinsu na kullum shi ne sintiri da atisaye da rakiya da zaman tasha. A duk tsawon wannan lokaci suna shan mai, suna fitar da hayaƙi, fentin jikinsu yana narkewa cikin ruwa, mutanen da ke ciki, ko ɗari biyu ne ko dubu biyar, suna ci suna wanka suna zagayawa. Galibin illar da jirgin yaƙi ke yi wa teku a lokacin zaman lafiya yake yin ta, kuma ita ce ake iya ragewa.

Abin da aikin injiniyan jiragen ruwa ya koya mini shi ne, kusan duk wannan illa an gama yanke hukuncinta kafin a yanka ƙarfen farko. Tun ran gini tun ran zane. Siffar gangar jirgi, irin injin da za a sa, girman tankuna, inda bututu zai bi, abin da za a naɗe shi da shi, da zarar an yi walda an rufe, ma'aikatan jirgin sai dai su yi haƙuri da abin da aka ba su. Kyaftin, kome kishinsa, ba zai faɗaɗa tankin ruwan datti da aka yi shi ƙarami ba.

Ka fara sanin matsayin doka, don shi ya ƙara wa zane muhimmanci. Babbar yarjejeniyar hana jiragen ruwa gurɓata teku, MARPOL, wadda aka ƙulla a 1973 aka yi mata kwaskwarima a 1978 ƙarƙashin hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta fito fili ta cire jiragen yaƙi daga cikin waɗanda take hawa kansu. Haka ma dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, a sashe na 236. Abin da aka nema kawai shi ne kowace ƙasa ta ga jiragenta sun bi ƙa'ida gwargwadon hali, muddin hakan bai kawo cikas ga aikin soja ba. Babu jami'in tasha da zai hau jirgin yaƙin wata ƙasa ya ce a buɗe masa littafin mai. Tunda babu mai tsare shi a tsakiyar teku, abin da zai hana shi ɓarna sai dai ya zama an gina shi a jikinsa. Ƙasashe da dama suna bin ƙa'idar don ra'ayin kansu, saboda jirgin soja ma yana buƙatar shiga tashoshin ƙawaye, kuma ba kowace tasha ke maraba da mai ƙazanta ba. Yana cikin dalilan da suka sa Birtaniya ta sauya tsofaffin jiragen dakon man sojanta masu bango ɗaya da sababbi masu bango biyu, jerin Tide, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 2017.

Mai shi ne babba, don haka zan daɗe a kansa. Ruwa ba ya yarda a keta shi da sauri a banza. A ƙiyasi, in ka ninka gudun jirgi sau biyu, ƙarfin da za ka nema daga inji ya kai ninki takwas, a ƙololuwar gudu ma ya fi haka, saboda igiyar ruwan da jirgin ke tayarwa da kansa. Jirgin dakon kaya wannan bai dame shi sosai ba, don an zana shi ne ya riƙe gudu ɗaya daga tasha zuwa tasha, injinsa yana aiki daidai inda ya fi tsimin mai. Jirgin yaƙi kuwa, sojoji kan ce lallai ya iya kai kilomita 55 a awa, saboda ranar da za a bi wani ko a kauce wa wani. Sai a sa masa injunan wannan ranar. Alhali a rayuwarsa ta yau da kullum, mafi yawan lokaci rabin wannan gudu yake yi ko ƙasa da haka.

Injin da aka fi sa wa don gudu shi ne tabain, ɗan'uwan injin jirgin sama. Ba shi da nauyi, yana tashi nan da nan, ga ƙarfi. Aibinsa shi ne in aka rage masa aiki, shan mansa ba ya raguwa daidai da haka. Sintiri a hankali da tabain tamkar ka tada janaretan masana'anta ne don ka kunna ƙwai biyu da fanka. Injin dizal ma in ya daɗe yana juyawa ba lodi, ba ya ƙone mai sarai. Duk wanda ya shiga ɗakin inji bayan doguwar tafiyar hawainiya ya san abin da nake faɗa: za ka ga wani baƙin ruwa mai danƙo yana tsattsafowa daga mahaɗar bututun hayaƙi, in aka buɗe kan inji ka tarar da bawul-bawul sun daskare da baƙin tokar mai, ranar da aka ƙara wuta kuma hayaƙi ya turnuƙe bayan jirgin. Wannan hayaƙin man da aka saya da kuɗi ne, yake tafiya bai yi aikin kome ba.

Maganin da masu zane suka samo shi ne a raba aikin. A ajiye tabain don ranar gudu, a sa moto na lantarki a kan sandar farfela don tafiyar yau da kullum, janaretocin dizal su riƙa ba shi wuta tare da sauran buƙatun jirgin. Da haka ana iya kunna janareta biyu su yi aiki da cikakken lodi, maimakon injuna huɗu kowanne yana aiki rabi-rabi. Jiragen Birtaniya na jerin Type 23 da wannan tsari suka fara aiki tun 1990, haka jiragen FREMM na Faransa da Italiya. Amurka ta yi shi a babban jirginta USS Makin Island, wanda ya fara aiki a 2009: in gudunsa bai wuce kilomita 22 a awa ba, da lantarki yake tafiya. A tafiyarsa ta farko daga Mississippi, ya zagaya nahiyar Amurka ta Kudu zuwa San Diego, rundunar ta ce ya yi tsimin mai na kusan dala miliyan 2.

Kada ka ɗauka tausayin kifi ne ya sa manyan hafsoshi suka sa hannu. Jirgin da ke tafiya da lantarki ba ya da ƙara, saboda haka ya fi iya farautar jirgin ƙarƙashin teku, ya kuma fi wuyar ganowa. Jirgin da ke tsimin mai ya fi nisan zango, ya fi daɗewa a bakin aiki, kuma ba ya yawan tsayawa shan mai, wanda shi ne lokacin da ya fi rauni. Jirgin yaƙin Amurka USS Cole yana shan mai ne a tashar Aden ta Yaman a Oktoban 2000 aka kai masa harin da ya kashe sojoji 17. Ni ban ga laifin wannan dalili ba ko kaɗan. Gyaran da ya amfani soja ya kuma amfani teku shi ne wanda ke tsira ranar da aka zo rage kasafin kuɗi, kuma aikin injiniya mai kishin muhalli shi ne ya nemo irin waɗannan wurare ya tsaya a kansu.

Akwai misalai biyu da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Amurka ta so ta ƙara irin wannan moto a jiragenta na jerin Arleigh Burke, waɗanda aka zana su da tabain huɗu ba tare da tunanin lantarki ba. An girka wa USS Truxtun, amma a 2018 aka janye kuɗin sauran, kuma cikin matsalolin akwai cewa wutar da janaretocin jirgin ke bayarwa ba ta wadatar da moto da rada a lokaci guda cikin kwanciyar hankali ba. Abin da ba a bar masa gurbi a zane ba, cusa shi daga baya wahala ne. Na biyun shi ne jiragen Type 45 na Birtaniya guda shida. An sa musu tabain na zamani, WR-21, wanda aka yi masa na'urar sake amfani da zafin hayaƙi don tsimin mai. Tunanin mai kyau ne, amma na'urar sanyaya iskar da ke cikinsa ta riƙa gazawa, musamman a ruwan zafi irin na Tekun Fasha, har wuta ta riƙa ɗaukewa a jirgin gaba ɗaya. Sai da aka yanka jikin jiragen aka cire janareta biyu aka sa uku. Mu da ruwanmu ke da ɗumi shekara ilahirinta, wannan darasi namu ne kai tsaye: duk na'urar da za a sayar mana da sunan tsimi, a tambaya a wane zafin ruwa aka gwada ta.

Akwai kuma ƙananan dabaru a siffar jirgi. Sojojin ruwan Amurka sun daɗe suna liƙa wani faffaɗan ƙarfe a ƙasan bayan jirgi, yana gyara yadda ruwa ke rabuwa da shi, yana rage shan mai da 'yan kashi cikin ɗari. Holan ta sa wani fiffike na ƙarƙashin ruwa, Hull Vane, a bayan jirgin sintirinta Groningen a 2023. Irin waɗannan ba su da inji, ba su da abin da zai lalace, sun fi dacewa da rundunar da kuɗin gyara ke mata wuya. Sannan kada a manta wutar da jirgi ke ci ko yana tsaye: na'urorin sanyaya ɗaki, firji, famfuna, rada, kicin. In tashar soja tana da tsayayyar wutar lantarki, jirgi ya jona kebul ya kashe injunansa. In babu, haka zai kwana ya wuni yana ƙona dizal a bakin gari, hayaƙin yana sauka kan unguwannin da ke kusa. Ka ga ke nan wani ɓangare na zanen jirgi a kan tudu yake.

Sai fenti, wanda mutane ke rainawa. In aka shigar da jirgi busasshen kwamin gyara aka zuƙe ruwa, bayan ya yi wata da watanni a tasha cikin ruwan ɗumi, abin da zai fara tarbarka shi ne ƙarni mai hawa kai. Ka matsa kusa ka dubi cikinsa: koren gansakuka mai santsi a daidai layin ruwa, ƙasa da shi kuma ƙananan halittu masu ɓawo sun manne jere-jere, kaifinsu har yana yanka safar hannu, wasu sun cushe ramukan da inji ke zuƙar ruwan sanyaya kansa. Farfela ma ta yi kaushi. Michael Schultz na kwalejin sojan ruwan Amurka da ke Annapolis ya auna abin da wannan ke jawowa: gansakuka mai kauri kaɗai yana ƙara shan mai da kusan kashi 10 cikin ɗari, in kuwa masu ɓawo suka yi yawa, ƙarfin da inji ke buƙata don riƙe gudun sintiri yana iya ƙaruwa da fiye da kashi 80.

Da can an magance wannan da fenti mai gubar TBT, wani sinadari na kuza. Ya yi aiki sosai, ya kuma yi ɓarna sosai. A gaɓar Arcachon ta Faransa kiwon kawa ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, aka kuma riƙa samun matan wasu katantanwar teku suna fitar da gaɓoɓin maza, haihuwa ta tsaya musu. Faransa ta hana shi a kan ƙananan jirage a 1982, yarjejeniyar duniya ta 2001 ta haramta shi gaba ɗaya, ta fara aiki a 2008. Yanzu galibi fenti mai jan ƙarfe ake amfani da shi, shi ma yana taruwa a laka a tashoshin da ruwansu ba ya gudana. Akwai fenti mai santsi marar guba wanda halittun ba sa iya riƙewa da kyau, sai dai yana buƙatar jirgi ya riƙa tafiya da ɗan gudu don ruwa ya wanke su. Jirgin yaƙi kuwa zamansa a tasha yana da yawa. Don haka babu fenti ɗaya da ya dace da kowa. Sai an dubi kwana nawa jirgin zai yi a tsaye, a wane ruwa, kuma wa zai riƙa nutsewa yana share shi, da na'urar da ke tattara abin da aka kankare, ba a bar shi ya zube a tasha ba.

Ruwan datti kashi-kashi ne. Wanda ya fi ba injiniyoyi ciwon kai shi ne wanda ke taruwa a ƙasan ɗakin inji, gauraye da baƙin mai da dizal. Ƙa'ida ita ce kada a zubar da shi sai man da ke ciki bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, kuma akwai na'urar da ke raba mai da ruwa. Amma na sha ganin na'urar tana nan lafiya lau, ta kasa aiki, saboda wani matashin soja ya wanke dandamali da sabulun da ke narkar da mai cikin ruwa, ruwan ya koma fari-fari, na'urar ta kasa raba su. Zane mai kyau daga tushe yake farawa: a sa tire ƙarƙashin duk inda mai ke ɗiga, a ware bututun ruwa mai tsabta, irin wanda ke ɗigowa daga na'urar sanyaya ɗaki, kada ya gauraya da mai mai, a kuma yi tankin ajiya babba yadda jirgi zai iya riƙe dattinsa har ya dawo tasha. Wasu jiragen yaƙi, ciki har da jerin Arleigh Burke, ruwan teku ne ke maye gurbin man da aka sha a cikin tanki ɗaya don jirgi ya daidaita, ranar shan mai kuma a tura ruwan waje. Jirgin da aka ware masa tankin mai daban da na ruwa ya huta da wannan, amma sai an ba shi ƙarin faɗi tun a takarda.

Ruwan daidaita nauyi kansa, wato ruwan tekun da jirgi ke zuƙa cikin tankunansa don ya tsaya daidai, yana ɗauko ƙananan halittu daga wata nahiya ya juye su a wata, kamar yadda wata 'yar kawa mai zane-zane ta shiga manyan tafkunan Amurka a ƙarshen shekarun 1980 ta toshe bututun ruwan birane. Yarjejeniyar da ta tilasta tace wannan ruwa ta fara aiki a 2017. Shara kuwa, sojojin ruwan Amurka tun shekarun 1990 suke narkar da leda da robobi su matse su faifai-faifai su adana har a sauka, jirgin USS Gerald R. Ford ma yana da na'urar da ke ƙone shara da tsananin zafin lantarki. Duk waɗannan wuri suke ci, kuma wuri a jirgin yaƙi ana faɗa a kansa da makamai da mai da gadajen kwana.

Inda abin ya fi tsauri a ganina shi ne kashe gobara. A Yulin 1967 gobara ta kashe mutum 134 a jirgin USS Forrestal, bayan nan kumfar kashe wutar mai, AFFF, wadda ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ya ƙirƙiro tare da kamfanin 3M, ta zama dole a jiragensu. Tana ceton rai. Amma tana ɗauke da sinadaran PFAS waɗanda ba sa ruɓewa, suna taruwa a jinin mutum da na kifi. Dokar Amurka da ta umarci a daina amfani da ita a sansanonin tudu ta bar jiragen ruwa su ci gaba. Ni ba zan ce a cire wa soja abin da zai fitar da shi daga wuta ba kafin a sami madadin da aka tabbatar. Abin da mai zane zai iya yi shi ne ya sa a riƙa gwajin famfunan da ruwa zalla, ya kuma tanadi tankin da zai kama kumfar in an yi atisaye, domin mafi yawan wadda ke shiga teku ta gwaji ce, ba ta gobara ba.

Za ka ji ana yawan maganar sabon makamashi. A RIMPAC na 2012, babban atisayen sojojin ruwan ƙasashe da dama a tekun Pasifik, Amurka ta gwada man da aka samo daga tsirrai da tsohon man girki, ta sayi galan 450,000 a kan dala miliyan 12, tsadar da ta jawo ce-ce-ku-ce a majalisa. A 2016 ta fitar da ayarin jirage da man da kashi 10 kacal na cikinsa daga kitsen shanu yake. Fa'idar irin wannan mai ita ce ana zuba shi a injin da ake da shi. Iskar gas da metanol kuwa suna buƙatar tankuna ninki biyu ko fiye, kuma suna saurin kama wuta, abin da ba a so a jirgin da ake sa ran za a harbe shi. Sun fi dacewa da jiragen tsaron gaɓa, irin Turva na Finlan da ya fara aiki da iskar gas a 2014. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne dizal mai ƙarancin farar wuta, da na'urar da ke fesa yuriya, irin ta takin zamani, cikin hayaƙi don ta karya gubarsa.

Ƙara ma gurɓatawa ce. Na'urar sona da ke aika sauti mai ƙarfi don gano jirgin ƙarƙashin teku tana firgita manyan dabbobin teku masu shayarwa, waɗanda da ji suke neman abinci da hanya. A Maris na 2000 guda 17 suka faɗo gaɓa a tsibiran Bahamas, sojojin ruwan Amurka suka amince sonarsu na da hannu. A 2002 aka sake samun irin haka a tsibiran Kanari lokacin wani atisaye, Sifen ta hana amfani da wannan sona a kewayen tsibiran a 2004. A nan zane yana taimakawa da farfela marar ƙara da na'urorin saurare masu kaifi da ke rage buƙatar aika sauti, amma babban maganin yana hannun kwamanda: inda zai yi atisaye da lokacin da zai yi.

Yanzu ga ɓangaren da aka fi sakaci da shi, wato ranar da jirgi ya gama aiki. Faransa tana da wani babban jirgi mai ɗaukar jiragen sama, Clemenceau, wanda ya fara aiki a 1961 aka ajiye shi a 1997. An ƙera shi a zamanin da ake naɗe bututun tururi da bangon ɗakuna da asbesto don tsare zafi, abin da ƙurarsa ke jawo kansar huhu bayan shekaru. A ƙarshen Disambar 2005 aka ja shi daga Toulon zuwa Alang a Indiya, inda talakawan leburori ke yanka jirage a bakin yashi. Gardama ta tashi kan yawan asbeston da ya rage a jikinsa, domin alƙaluman da ɓangarori suka bayar sun yi hannun riga. Masar ta tsayar da shi a mashigin Suwez na wani lokaci, kotun ƙolin Indiya ta dakatar da shigarsa, a Fabrairun 2006 Shugaba Jacques Chirac ya ba da umarnin a dawo da shi. Ya zagayo ta kudancin Afirka ya isa tashar Brest ta Faransa, sai a 2009 aka kai shi Hartlepool a Ingila aka wargaza shi.

Ɗan'uwansa Foch ya fi shi mummunan ƙarshe. Faransa ta sayar wa Burazil da shi a 2000, aka sauya masa suna São Paulo. A 2022 aka ja shi zuwa Turkiyya don a yanka, yana kan hanya Turkiyya ta janye izini saboda shakka kan lissafin abubuwa masu guba da ke cikinsa. Ya koma, tashoshin Burazil suka ƙi karɓarsa, ya yi watanni ana yawo da shi a teku yana shan ruwa. Ranar 3 ga Fabrairun 2023 sojojin ruwan ƙasar suka nutsar da shi a Atlantika, kimanin kilomita 350 daga gaɓa, a zurfin kusan mita 5,000, da duk abin da ke jikinsa. Wannan labari yana ɓata mini rai duk lokacin da na tuna shi, domin dubban ton na ƙarfe mai kyau ne ya tafi, kuma tushen rigimar duka takarda ce da babu ita: cikakken lissafin me aka sa, a ina, nawa. Yarjejeniyar Hong Kong ta 2009, wadda ta fara aiki a Yunin 2025, ta wajabta wa jiragen kasuwanci riƙe irin wannan lissafi tun daga ranar ƙira. Jiragen yaƙi ita ma ba ta hau kansu ba. Jirage masu amfani da makamashin nukiliya kuwa, nasu ya fi haka nauyi: a 2019 ofishin binciken kuɗi na Birtaniya ya ba da rahoton jiragen ƙarƙashin teku 20 da aka ajiye a tashoshin Devonport da Rosyth, ba a kammala wargaza ko ɗaya ba tun 1980.

Zaɓin abin ƙira ma yana da nasa lissafi. Ƙarfe yana da nauyi amma ana narkar da shi a sake amfani da kusan dukansa. Alminiyom ba shi da nauyi, jirgi ya rage shan mai, sai dai haƙo shi da tace shi na cin wuta mai yawa, ribar tana fitowa ne in an sake narkar da shi a ƙarshe. Jiragen share nakiya da ake yi da roba mai zaren gilashi, don kada maganaɗisun nakiya ya ji su, ba sa tsatsa, amma in sun mutu babu ɗan gwangwan da zai saye su.

Ta ina wannan ya shafe mu? Najeriya ta ƙera ƙananan jiragen tsaron gaɓa da kanta a ma'aikatar sojan ruwa da ke Legas: NNS Andoni a 2012, NNS Karaduwa a 2016, NNS Oji a 2021. A nan alƙalamin zane a hannun injiniyoyinmu yake, kuma ina fata irinka za su zo su riƙe shi. Manyan kuwa sayo su ake yi, kamar NNS Lana daga Faransa da NNS Kada da kamfanin Damen ya ƙera. Ga mai saye, takardar kwangila ita ce teburin zanensa. Abin da bai rubuta ba, ba za a sa masa ba. Ya rubuta gudun da jirgin zai fi yi a zahiri, ba na ranar biki ba. Ya rubuta zafin ruwan gaɓar Gini. Ya nemi mahaɗar wutar tasha, da tankin datti mai ɗaukar kwanaki, da kayan gyaran na'urar raba mai da ruwa na shekaru, da horar da waɗanda za su riƙe ta. Ko ƙananan kwalekwalen sintiri na koguna da na Tafkin Chadi, inda rundunar ke da sansani a Baga, suna cikin maganar: tsohon samfurin injin bayan kwalekwale mai haɗa fetur da baƙin mai yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mansa a ruwa bai ƙone ba, a ruwan da mutane ke sha suke kamun kifi.

Sai jiragen da aka ba mu bayan wasu sun gama cin moriyarsu. NNS Thunder da NNS Okpabana tsofaffin jiragen tsaron gaɓar Amurka ne, Chase da Gallatin, da aka ƙera a ƙarshen shekarun 1960, muka karɓe su a 2011 da 2014. Sun yi mana aiki, amma wanda ya karɓi jirgi a ƙarshen rayuwarsa shi zai ji da wargaza shi. Tun yanzu, da sauran injiniyoyin da suka san lungu-lungunsu a bakin aiki, ya kamata a bi su ɗaki-ɗaki a ɗauki samfurin abin da aka naɗe bututu da shi, da fenti, da kebul, a kai ɗakin gwaji, a rubuta, a kuma ware kuɗi da wurin da za a yanka su a kan siminti mai magudanar da ke tare mai, ma'aikata suna sanye da abin rufe hanci.